Takardar da Na Ɗinke Cikin Fata

Da sunan Allah nake farawa, Mai tsare wanda ya fita da wanda aka bari a gida.

Daga mahaifiyarka Hauwa, a ɗakina na unguwar Agwa di Mininus a nan Bahiya, zuwa ga ɗana Tanko, tela, a unguwar Komasiyo. Ina gaishe ka, ko da yake kai ba ka gaishe ni ba tun ranar Juma'a. Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, Ya tsare ƙafarka a duk ƙasar da za ka taka, Ya yafe maka abin da bakinka ya faɗa a ƙofar ɗakina.

Bayan haka, sau uku kana zuwa neman takardar 'yancinka, sau uku ina hana ka. A zuwa na uku ka tsaya a ƙofa, ko takalmi ba ka cire ba, ka ce, "Inna, ashe ba fansata kika yi ba, saye na kika yi." Maƙwabta sun ji. Bayarabiyar nan mai ƙosai ta ji, kuma abin da ta ji da safe kafin azahar ya kai bakin jirgi. Ban amsa maka ba. Amsar tana bakina shekara goma sha takwas, sai dai ba irin wadda ake faɗa a ƙofa ba ce. Na koya maka wannan karatu na ajami a ɓoye, ina buge maka hannu in ka karkata harafi, kana kuka kana cewa ba shi da amfani a Bahiya. Yau ga amfaninsa. Kawunka Garba ne zai kawo maka. Ka ba shi wurin zama, ka ba shi ruwa, ka karanta a gabansa, domin shi ne shaidata.

Ka ce wata uku kawai za ka yi a Lensoyis, garin lu'ulu'un nan da ke can cikin duwatsu. Ka ga ƙasa, ka ɗinka wa mahaƙa riguna, ka dawo. Abokinka Bento mai alfadarai ya cika maka kunne. Wai iska ce mai sanyi, ba wannan zufa da ke manne wa mutum riga a baya ba. Wai ruwa na zubowa daga kan dutse sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi, rafuka jajaye kamar jiƙon saiwa, ga koguna na dutse da ake shiga da fitila, kuma duk kallon kyauta ne, ba mai tsayawa a ƙofa. Ban ce Bento ƙarya yake yi ba. Na tambayi masu cin shinkafa a wurina, waɗanda suka je suka dawo, sun ce haka ne. Abin da ya kashe mini jiki shi ne na taɓa jin irin wannan magana, kuma ni ce na saurara.

Kana da shekara bakwai a lokacin. Mahaifinka ya gama fansar kansa da dako a bakin jirgi, ni ma na fita daga bauta, kai kaɗai ka rage a hannun uwargijiyarmu. Tari ya kama ni, irin na wannan gari, wanda ke zuwa da damina ya ƙi tafiya. Bango yana gumi, tabarma tana funfuna, gishiri yana narkewa a ƙwarya. Na tsani garin nan, Tanko, har yau ban daina ba. Teku a gaba, tudu a baya, barikin sojan doki a gefe, mutum bai isa ya hangi nesa ba sai ruwan da ya kawo shi. Sai Garba ya dawo daga rakiyar wani fatake can gaba da Fera, inda ake kasuwar shanu. Ya zauna a gaban tukunyata yana ba da labari. Ya ce, "Yaya Hauwa, da kin gani. Fili ne sai inda idonki ya tsaya. Ƙaya, jar ƙasa, shanu, busasshiyar iska. Na rufe ido na ji kamar ina hanyar Katsina."

Tun daga ranar ban bar mahaifinka ya huta ba. Da safe maganar, da yamma maganar. Ya je ya duba mana, in ƙasar ta yi, idan mun fanso ka mu koma can. Yakan ce, "Uwar Tanko, a nan an san ni. Duk ɗan dakon da ke Komasiyo ya san ni ɗa ne. Can wa ya san ni?" Ni kuwa in ce masa matsoraci, in ce ya saba da warin kifi har ya manta ƙamshin ƙasa. Mutum ne marar son hayaniya, daga ƙarshe ya ce to. Ban tura shi don abinci ya gaza mana ba. Na tura shi ne don ina son in ga wuri mai kama da inda aka haife ni. Ka riƙe wannan. Duk wanda ya zo yana siffanta maka ƙasa, ka lura da abin da ya taɓa a zuciyarka, ka kuma tambaye shi abin da ni ban tambaya ba: wa ke tsare hanya, kuma me yake yi wa baƙin mutum da bai sani ba. Dutse da ruwa ba su taɓa kama kowa ba.

Sai maganar lokacin tafiya. Ni na zaɓa. A ƙasarmu, da an gama girbi sama takan rufe, ba za ka sake ganin ɗigon ruwa ba sai bayan wata shida ko bakwai. Nan bakin teku ma na lura, watannin da ke kewaye da bikin Nasara na haihuwar Annabi Isa rana ce tsantsa. Sai na ce to, rani ya yi, su tashi. Garba ya ce, "Yaya, can ciki daminarsu a juye take. Lokacin da nan ke rana, can tsawa ake yi. Mu bari sai bayan bikin wuta." Yana nufin bikin nan da suke hura wuta a ƙofar gidaje tsakiyar daminar nan. Na ce masa, "Garba, ragwanci ne ke damunka. Sama guda ce Allah Ya yi." Ni 'yar malam ce, na sauke Alƙur'ani kafin a kama ni, na karanta littattafai a gaban mahaifina, shi kuwa Garba ko sunansa bai iya rubutawa ba. Da wannan na rufe masa baki. Shi ya taka ƙasar da ƙafarsa, ni ban taɓa wuce bakin kasuwa ba, amma tawa aka bi. Kai ma kana da wannan hali, na gan shi a yadda kake ɗaga gira in dattijo na magana. Daga wurina ka gada. Karatu bai sanar da ni ranar da kogi zai cika ba, kai ma almakashi ba zai sanar da kai ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu.

Takardar 'yancin mahaifinka, ubangidansa ne ya rubuta da hannunsa, ya sa hannu. Da zai miƙa masa ya ce ya kai wa marubucin hukuma a shigar da ita cikin babban littafi, don ko ta ɓace a sami kwafinta. Ni na hana. Na ce abin da aka rubuta maka naka ne, ba a kai wa baƙo ya kwafe ya ajiye a ɗakinsa, wa ya san abin da za su ƙara a ciki. Da tafiya ta matso, mahaifinka ya samo ɗan gwangwani irin wanda Yarabawa ke saka tasu a ciki. Na karɓe na jefar. Na ce, "'Yancin naka za ka sa a inda ake sa taba?" A gidanmu, rubutu mai daraja fata ake sa masa. Na ga layun da kakana ya ɗinka tun kafin a haifi mahaifina, aka buɗe ɗaya a gabana, takardar tana nan fes, tawada kamar jiya aka rubuta. Na sayo jar fata mai kyau, na ninke takardar sau takwas, na naɗe ta da zare, na ɗinke gefe huɗu da basilla, ɗinkin da ko allura ba za ta shiga ba. Na yi mata igiya.

Ya juya ta a hannu ya ce, "Uwar Tanko, wannan ai laya ce."

Na ce, "Laya ce mana. Kana da wadda ta fi ta?"

Ya ce, "Kin manta abin da suke yi wa mai laya?"

Ban manta ba. Shekara biyar ke nan kacal da tashin da Musulmi suka yi cikin azumi, wanda aka murƙushe a nan bakin ruwan da nake wanke tukwane. Na ga yadda aka riƙa shiga ɗakuna ana zazzage akwatuna, duk wanda aka samu da allo ko laya ko farar riga sai bulala, wasu sai jirgi, a fitar da su daga ƙasar. Na sani sarai. Amma na yi wa kaina wayo, na ce masa, "Su buɗe mana. In sun buɗe rubutunsu za su gani, su ji kunya." Sannan na sa ya yi mini alkawari ba zai farke ɗinkin ba, domin a wurinmu laya ba a buɗe ta. Ya yi dariya ya ce, "'Yar malam ta yi magana." Ya rataya a wuya. Ya ɗaga ka sama, ya ce ka kula da innarka. Suka shiga kwalekwalen da ke zuwa garin Kashuwera, a kan hanyar Fera, shi da Garba.

Bayan mako bakwai, da la'asar, ina kankare tukunya, na ɗaga kai na ga Garba tsaye shi kaɗai, ya rame kamar an sauya shi. Na ce, "Ina ɗan'uwanka?" Ya ce, "A ina yaron yake?" Na ce kana gidan uwargijiya. Sai ya zauna a ƙasa.

Ruwa ya same su kwana biyu gaba da Fera. Rafin da Garba ya taɓa ƙetarewa a bushe, yashi zalla, suka tarar ya kawo har wuya. Suka ƙetare, kaya a ka. Da suka fita rana ta buɗe, Garba ya zaro tasa takardar daga gwangwani, ko laima ba ta yi ba. Ya ce wa mahaifinka, "Farke abin nan ka shanya." Ya ce, "Na yi wa uwar Tanko alkawari." Garba ya ce, "Tana Bahiya, ba za ta gani ba." Ya ce, "Ni zan gani." Haka ya ci gaba da tafiya da jiƙaƙƙiyar fata a ƙirji, ruwa daga sama, zufa daga jiki, kwana tara. A wani ɗan gari ranar kasuwa 'yan doka suka tare su, suka ce takarda. Garba ya miƙa tasa, aka duba aka mayar masa. Mahaifinka ya sa hannu a wuya ya jawo jar fata. Kafin ya buɗe baki sun riƙe shi ta baya. Babbansu ya sa wuƙa ya yanka ɗinkina. Garba ya ce abin da ya fito kamar tuwon da ya kwana uku, baƙi, yana wari, ya manne wuri guda. Mutumin ya murza da yatsa, ya goge a wandonsa. Ko harafi ɗaya bai rage ba.

Suka ce gudajjen bawa ne, kuma ɗan tawaye. Garba ya rantse musu, suka ce bakin ɗan Afirka ba shaida ba ne. Suka kulle shi, suka ce in ɗa ne a kawo hujja, in ba a kawo ba, kuma ba wanda ya zo ya ce nasa ne, hukuma za ta sayar.

Washegari na hau tudu zuwa unguwar Bitoriya, gidan tsohon ubangidansa. Tsohon ya rasu da 'yan watanni. Ɗansa ya fito baranda, bai ce in shigo ba. Ya saurare ni, ya ce, "In bawanmu ne a dawo mana da shi. In ba namu ba ne, me ya kawo ki?" Na je wurin marubucin hukuma. Mutumin bai wulaƙanta ni ba, har ya buɗe littafin yana bi da yatsa. Ya rufe ya ce, "Babu. Me ya hana ku kawowa?" Na tsaya ina kallonsa. Sannan na juya na fita. 'Yan dako suka haɗu suka sami wani Bature mai shago da ya san mahaifinka, ya rubuta shaida. Garba ya koma da ita, ruwa ya tsare shi a hanya. Ya isa ya tarar an yi gwanjonsa, an kora su kudu da wasu, a ɗaure.

Mahaifinka bai mutu da zazzaɓi a hanyar Fera ba, Tanko. Ni na ƙirƙiri zazzaɓin. Na sa Garba ya dafa Alƙur'ani ba zai faɗa maka ba. Na yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, na zauna takaba, mutane suna yi mini ta'aziyya ina amsawa. Na gaya wa kaina don kai na yi, yaro ba zai iya ɗaukar wannan ba. Ƙarya ce a kan ƙarya. Don kaina na yi. Ban iya jure ka dube ni ka san hannuna ne ba. Shekara goma sha takwas kana yi wa mutumin da wataƙila yana numfashi addu'ar matattu, ni kuwa ina tsaye a kanka ina gyara maka karatun addu'ar. Na yi maka wa'azi a kan gaskiya fiye da kowace uwa a unguwar nan, na taɓa dukanka har da muciya don ka ce ba kai ka sha zuman ba. In Allah Ya ba ka 'ya'ya, ka faɗa musu laifinka tun suna ƙanana, lokacin da za su yi kuka su manta. Babba ba ya mantawa. Ban nemi ka yafe mini a wannan takarda ba, wannan tsakaninka da Allah ne.

Na san abin da ya faɗo maka yanzu, don daga cikina ka fito. Za ka ce ka fasa Lensoyis, Riyo za ka, can kudu inda aka kora shi. Ban yarda ba. Garba ya je, ya yi aikin girki a jirgi don ya je. Ya ce gari ne kamar wannan, zafi iri ɗaya, teku iri ɗaya, duwatsunsu ne kawai suka fi namu tsayi, kuma daga kan jirgi ka gama ganinsu. Bayan garin gonakin gahawa ne ba iyaka, kowace da mai bulala a ƙofa, kowa an sauya masa suna. Ya yi wata biyu yana leƙen fuskokin mutane, bai sami ko wanda ya taɓa jin labarinsa ba. Kuma yanzu ya fi da muni. Tun da jirage suka daina kawo mutane daga ƙasarmu, daga nan Bahiya ake kwasa ana kai musu. Kana ganinsu da idonka a bakin jirgi kowane mako. Saurayi baƙi mai ƙarfi, ba dangi, yana yawo gona gona yana tambaya, ka san abin da za su gani in sun dube ka. Na ba su ɗaya, ba zan ba su biyu ba.

Ikko kuma, da ka taɓa ambata bara, a nan ma ina da laifi. Na rene ka da labarin ƙasarmu, na ba ka mai daɗin na ɓoye sauran. Masu kawo goro da baƙin zane daga Ikko sun ce zafinta da sauronta ba su da bambanci da nan, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba abin kallo, kuma igiyar ruwan bakin gaɓarta tana kifar da kwalekwale da mutane. Abu ɗaya ta fi mu, ana kiran salla a fili, ba mai yanka wa mutum laya. Amma daga can zuwa garinmu tafiyar watanni ce a ƙasa, kuma waɗanda suka kora ni zuwa teku ba Nasara ba ne, masu salla ne irina. Kai ba zane a fuska, Hausarka ta karkace, ba wanda zai ce ɗan wane ne. Garin da nake ba ka labari, ban ma sani ba ko yana nan.

Saboda haka cikin ukun, Lensoyis ce mutum zai je ya dawo. Ka je. Amma ba yanzu ba. Yanzu ne daidai lokacin da na tura mahaifinka. Bento yana gaggawa don yana da kayan da zai sayar kafin biki, kuma alfadari ya iya iyo, takarda ba ta iya ba. Ka bari sai an yi bikin wuta, lokacin da ruwa ya ishe mu a nan. A lokacin can sama ta washe, rafuka sun janye, ana ƙetarewa a idon sawu. Sanyi ne zai dame ka, wanda ba ka taɓa ji ba, don haka ka ɗauki bargo, kada ka ce kai namiji ne. Wata bakwai ba su da yawa. Ka ɗinka riguna ka tafi da su a shirye.

Kafin ka tashi ka je wurin 'yan doka ka karɓi takardar izinin tafiya, ko za su zaunar da kai wuni guda. In ka isa, ka kai kanka wurin hukumar garin tun ba su neme ka ba, ka tafi da Bento ya ce ya san ka. Ka sa takalmi kullum, ko yana cizonka, don bawa ba ya sawa, kuma ƙafa suke fara duba. Ka je ka ga ruwan da ke zubowar, amma daga ƙasa, ba ruwanka da leƙe daga sama don abokai su ce ka isa. Kogon dutse kada ka shiga sai da ɗan gari. Ranar kasuwa ka zaga ka ga mutane, ka ci abincinsu, ka tambaya in ba naman alade. Waɗannan sun ishe ka kallo, ba kuma za su ci maka aljihu ba. Inda ake caca da inda ake kiɗa da giya, ka bi ta ɗaya gefen titi. Kuma ko tsakuwa kada ka sunkuya ka ɗauka a bakin rafi, ko tana ƙyalli kamar tauraro. Baƙin mutum da dutse a aljihu, a garin lu'ulu'u, sunansa ɓarawo kafin a duba dutsen. Da allura ka je, da allura za ka dawo. Sallarka ka yi ta a ɗaki, ƙofa a rufe. Kada ka rataya komai a wuya.

Takardarka tana cikin babban littafi. Ranar da uwargijiya ta miƙo mini ita, shekara uku bayan tafiyar mahaifinka, ban biya gida ba, ban sha ruwa ba, sai da na ga marubucin ya kwafe ta ya busar da tawada. Garba ya san littafin da shafin, zai gaya maka. Ka haddace su yadda ka haddace Fatiha, don in an ƙwace ta hannunka, bakinka ya faɗi inda za a duba. Kowace Juma'a ka fito da ita ta sha iska, ka duba ta, ka mayar. In ta jiƙe ka shanya nan take, ko wa ka yi wa alkawari.

Akwai abin da zan ƙara, don na ce yau ba zan rage komai ba. Ranar Asabar, bayan maganar da ka faɗa mini, na fita sayen albasa, na dawo da jar fata. Na zauna na yanka, na ɗinke gefe ɗaya, na biyu, na uku, da basillar nan dai. Sai da na miƙa hannu zan ɗauko takardarka in ninke, sannan na ga abin da nake yi. Shekara goma sha takwas, kuma hannun bai koyi komai ba. Na hana ka takardar ina cewa tsare ka nake yi, ashe ɗinke ka nake so in yi, gefe huɗu. Fatar tana nan ƙarƙashin tabarma, baki a buɗe, ba komai a ciki. A nan za ta zauna.

Takardarka tana hannun Garba, cikin gwangwani, an toshe murfin da kakin zuma. Gwangwanin taba ne, na wanke shi da toka sau uku. Ka karɓa, taka ce. Ko ka jira bikin wuta ko ka bi Bento jibi, ba zan sake riƙe ta ba.

Wannan kuwa da ke hannunka, da ka gama karantawa ka sa mata wuta a gaban Garba, ka murje tokar. Harafin kakanka ne, in aka same ta a jikinka ba wanda zai tsaya ya ji abin da ta ce. Tasu ka adana kamar ranka, ta uwarka ka ƙone. Haka garin yake, kuma ni na daɗe ban yarda ba.

In za ka jira, ka zo ranar Juma'a, zan ajiye maka shinkafa da ƙilishi, ka cire takalmi a ƙofa. In ba za ka jira ba, ka zo duk da haka in ga fuskarka. In kuma ba ka iya duban tawa yanzu, ka aiko Garba ya gaya mini ranar tashinku.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Ya rage maka ruwan rafi, Ya kawar da idon mai tsare hanya daga kanka, Ya haɗa ka da mutanen da za su ce sun san ka. Kuma daga yau, in ka idar da salla za ka ambaci mahaifinka, ka cire shi daga cikin matattu ka sa shi cikin matafiya. Ni a nan nake sa shi tun farko, a ɓoye. Yanzu kun zama biyu.

Mahaifiyarka,
Hauwa